Hancin Arzika

Ran Litinin aka sauke allon ƙofa.
Sunan da muka yi shekara ashirin da bakwai muna amsawa
ya kwanta rigingine a bayan akori-kura,
aka ɗaga sabo, shuɗi, mai haruffan ƙarfe.
Suka ce ba saye ba ne, haɗewa ce.
Na ce to.
Gulbin Rima ma in ya haɗiye ƙorama
haɗewa yake kiran abin.

Lauyoyi sun ƙirga komai:
janareto biyu, rijiyar burtsatse,
fatar jan akuya dubu tara a sito,
bashin da muke bi, bashin da ake bin mu,
har kujerar nan mai ƙafa uku.
Ba wanda ya ƙirga hancin Arzika.

Ni aka ba fom mai shafi goma sha huɗu.
Kafin wata ya mutu, in ji su,
a kwashe abin da ke kan tsofaffi
a zuba cikin kwamfuta.
Na iske shi bakin kwatarniya ta uku,
hannu cikin ruwan bagaruwa har gwiwa.

Baba, awa nawa fata take yi a jiƙe?
Ya ce, wace fata?
Ta Illela daban, ta Achida daban,
akuyar da ta ƙoshi da damina
ba ta haɗa hanya da wadda rani ya tsotse ba.
Gurbin amsar kuwa ɗan mitsitsi ne,
lamba biyu kaɗai yake ci.
Na rubuta arba'in da takwas, na sunkuyar da kai.

To yaya ake sanin ta jemu?
Ya murza gefenta dab da kunnena.
Ka jiya?
Ban ji komai ba sai gurnanin inji.
Ya ce, dawo gobe, kunnenka bai nuna ba.

Akwai dillali a Achida, Nomau,
ba ya ɗaga waya, ba ya sa hannu a takarda.
Lodi guda yake aiko mana bashi
don shekarar da gobara ta cinye masa rumbu
Arzika ne ya kai masa buhu biyu na gero cikin dare.
A wane layi zan sa gero?

Sabuwar manaja, Injiniya Rufaida,
ta karanta rahotona tsaf, ta ce a bi shi.
Aka bi.
Kashin farko ya fito a sandare kamar ganda,
ko jakar makaranta ba za ta ɗinku da shi ba.
Ba ta yi faɗa ba.
Da zafin Sakkwato na ƙarfe biyu ta sauko fili,
ta kife bokiti, ta zauna gefen tsoho.

Shi yana ɗanɗana ruwan da bakin harshe,
ita ta tsoma wata 'yar takarda,
takarda ta rine, ta koma ruwan goro.
Ta ce tsami ya yi yawa.
Ya tofar, ya ce, abin da za ni faɗi ke nan!
Ashe takarda ma tana da harshe.
Ya nemi guda biyu, ya cusa cikin hula.

Wasiƙar sallamarsa ta riga ta iso daga Ikko.
Ta ninke ta, ta roƙa masa damina ɗaya,
ta tsayar da Lawali da Cika a bayansa,
ba biro, ba littafi,
su dai tsaya, su shaƙa, su taɓa, su yi kuskure.

Fom ɗin yana aljihun teburina.
Shafi na goma sha huɗu babu rubutu,
sai shatin babban yatsa, ja, na karan dafi,
inda ya dafa yana tambayata
ko mutanen Ikko sun san sunan Nomau.